Sarkin Wakanda da Dogaransa Masu Jin Hausa

A watan Nuwamba na 1998 kamfanin Marvel na Amurka ya fito da sabon jerin littattafan zane na Black Panther. A fitowar farko aka ga Sarki T'Challa ya sauka a birnin New York, 'yan mata biyu dogaye suna take masa baya, Okoye da Nakia. Su ne dogaransa, waɗanda ake kira Dora Milaje. Marubucin ya ɗora musu ƙa'ida biyu: ba sa magana da kowa sai sarki, shi ma sarkin ba sa yi masa magana sai da Hausa. Samarin da ke sayen riga mai hoton baƙar damisa a kasuwar PK 14 ta Duwala, ko waɗanda ke gicciye hannuwa a ƙirji in za a ɗauke su hoto a New Bell, da wuya ka sami wanda ya san wannan a cikinsu. Fim suka kalla, fim ɗin kuwa ya ajiye Hausa ya ɗauki harshen Xhosa na Afirka ta Kudu.

Yadda Hausa ta shiga fadar Wakanda da yadda ta fita ya isa ya nuna mana halin wannan sadauki tun daga haihuwarsa. T'Challa tun 1966 yake duniya, ya canza kama sau da yawa, kuma duk canjin da ya yi in ka bi sawunsa za ka tarar alƙalami ne ya koma wani hannu. Abin da ke faruwa a Afirka ta gaskiya bai cika juya shi ba. Wanda ke rubuta shi, da wanda ake so ya saya, su ke juya shi.

Kafin zuwansa, Afirka a littattafan zane daji ce kawai, mai dajin kuma Bature. Tarzan tun 1912 yake lilo a kan itatuwa, Phantom na Lee Falk ya biyo baya a 1936 da matsattsiyar riga da abin rufe ido. Mu nan Kamaru ta hannun Faransa abin ya iso mana. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Duwala a shekarun 1970 da 1980 ya san ƙananan littattafan nan masu girman tafin hannu da masu tsofaffin littattafai ke shimfiɗawa a gindin turken lantarki: Akim, Zembla, Blek. Ɗaya kan zaga unguwa daga hannu zuwa hannu har bangon ya cire, takardar ta yi laushi saboda gumi da damshin garin nan. Akim 'yan Italiya suka ƙirƙiro shi a 1950, Zembla kuma kamfanin Lug na birnin Lyon ya fito da shi a 1963 don ya yi gogayya da Akim. Dukansu biyu an zana su farar fata da ɗan bante, namun daji na yi musu biyayya. Baƙin mutum a cikin labarin ko mai ɗaukar kaya ne, ko mai neman ceto, ko abin dariya irin yaron nan Yeye, abokin tafiyar Zembla, mai hular kwano ta soja da agogon tebur rataye a wuya. Yara baƙaƙe suka karanta, suka ji daɗi, kuma in an zo wasa kowa Zembla yake so ya zama.

A kan wannan shimfiɗa ce Stan Lee da Jack Kirby suka kawo T'Challa a mujallar Fantastic Four, fitowa ta 52, ta watan Yulin 1966. Dole a ba su haƙƙinsu, domin sun juya abin da aka saba. Sarkin wata ƙasa ta Afirka ya aika wa jarumai huɗu na Amurka kyautar jirgin sama wanda ya fi duk abin da masaninsu ya taɓa gani, ya gayyace su ƙasarsa. Da suka iso suka tarar da daji, amma na na'urori da wayoyi. Sai mai masaukin ya shiga farautarsu ɗaya bayan ɗaya, don ya gwada ƙarfinsa kafin ya tari ainihin abokin gabansa, Ulysses Klaw, Baturen da ya kashe mahaifinsa T'Chaka saboda wani ƙarfe mai suna vibranium da ya faɗo daga sama. Da kuɗin ɗan abin da ake sayarwa na wannan ƙarfe T'Challa ya yi karatu a ƙasashen waje, ya dawo ya gina ƙasarsa.

Mai karatu na wancan lokaci bai buƙaci a gaya masa daga ina aka samo wannan tunani ba. Rikicin Katanga a Kwango bai daɗe da lafawa ba, kuma yuraniyom ɗin da aka haƙo a Shinkolobwe ya shiga bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima. Wakanda labarin Katanga ne da aka sauya wa ƙarshe: ma'adinin ya zauna a hannun masu ƙasa. Shekarar 1966 kanta ba ta yi wa Afirka daɗi ba. A Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a Fabrairu aka kifar da Nkrumah, a Satumba Ahmadu Ahidjo ya haɗe jam'iyyun Kamaru suka zama ɗaya tilo. Murnar 'yancin kai na dusashewa a nan, can kuma Yahudawa biyu 'yan New York suna zana ƙasar Afirka da ba a taɓa mallaka ba.

Sai dai ƙarfin halin kamfanin bai yi nisa ba. A Oktoban wannan shekara Huey Newton da Bobby Seale suka kafa jam'iyyar Black Panther a Oakland, masu bindiga a kafaɗa da ciyar da yaran talakawa. Sunan ya zo ɗaya, kuma littafin ya riga jam'iyyar da 'yan watanni, amma Marvel ta tsorata har a 1972 ta ɗan sauya masa suna zuwa Black Leopard kafin ta dawo da na asali. Tun 1968 kuwa an riga an ɗauke shi daga gadon sarauta an sa shi cikin ƙungiyar Avengers, har ya zama malamin makaranta a Amurka da sunan aro, Luke Charles. Sarki guda ya bar ƙasarsa ya koma ɗan rakiya.

Wanda ya mayar da shi gida wani ma'aikacin Marvel ne mai duba kurakuran ɗab'i, Don McGregor. Kamfanin na da mujalla mai suna Jungle Action wadda ba abin da take yi sai maimaita tsofaffin labaran Turawan daji na shekarun 1950. McGregor ya yi ƙorafi, aka ce to ga ta nan, ya yi abin da zai iya, tunda ba mai sa ido a kanta. Daga 1973 zuwa 1975 ya rubuta dogon labari guda mai suna Panther's Rage, kusan duk mutanen ciki 'yan Wakanda ne, kuma cikin masu zanen akwai Billy Graham, baƙar fata. A nan aka haifi Erik Killmonger, ɗan ƙasa da ya tashi a Amurka ya dawo da ƙullaci. A nan kuma aka fara yi wa T'Challa tambayar da talaka kan yi wa sarkin da ya cika tafiye-tafiye: da kana can, wa ka bar wa mu? A 1976 McGregor ya kai shi kudancin Amurka ya gwabza da 'yan Ku Klux Klan, ba a kai ƙarshen labarin ba aka rufe mujallar. Ya sake dawowa a 1989 da labarin da T'Challa ya shiga Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata neman mahaifiyarsa Ramonda. A ganina McGregor ne ya ba wannan sadauki zuciya, ko da yake rubutunsa na da yawan surutu, shafi kan cika da magana har zanen ya rasa wurin numfashi.

Sarautar kuwa Christopher Priest ne ya ba shi, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe jerin littattafan T'Challa na dindindin, daga 1998 zuwa 2003. Priest ya san kasuwarsa. Mafi yawan masu sayen irin waɗannan littattafai samari ne farare, kuma sun saba ganin Black Panther a matsayin mai tsayawa a bayan hoto. Sai ya ƙirƙiro Everett Ross, wani ɗan ƙaramin jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Bature matsoraci mai bakin tsiya, ya sa shi ya ba da labarin. Ta idon Ross mai karatu ke ganin sarki: mai shiru, mai dogon lissafi, wanda ya riga kowa sanin inda za a kwana. Har aka bayyana cewa shigarsa Avengers tun farko leƙen asiri ya je yi, don ya san ko waɗannan masu ƙarfi barazana ne ga ƙasarsa. Da jimla ɗaya Priest ya wanke shekaru 30 na zaman ɗan rakiya.

Dora Milaje ma nasa ne. A tsarinsa 'yan mata ne da ake zaɓowa daga ƙabilu masu gaba da juna, a kawo su fada da sunan matan da sarki zai iya aura nan gaba, don kowace ƙabila ta ji tana da ƙafa a gidan sarauta. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, auren siyasa tsohon abu ne a masarautunmu. Abin da zai ba shi dariya shi ne zaɓen Hausa a matsayin harshen sirri. Wakanda a taswirar Marvel can gabashin Afirka take, kuma an ɗauki Hausa ne don a sami harshen da na kusa da sarki ba za su gane ba. To, harshen da ake ciniki da shi daga Kano zuwa Agadas, daga Zangon Kumasi zuwa Sudan, wanda rediyon Landan ke watsa labarai da shi tun 1957, shi ne aka mayar abin raɗa. Mai tsire a bakin babban masallacin New Bell zai ji duk abin da Okoye ta gaya wa sarki. A New York ɗin ma, da sun tari tasi a unguwar Bronx, inda 'yan Gana da 'yan Nijar suke da yawa, mai yiwuwa direban ya tanka musu. Ban ɗauki wannan a matsayin raini ba. Priest ya nemi suna na gaske daga Afirka ta gaske, abin da magabatansa ba su damu da shi ba. Amma sunan harshen ya ara, bai ari mutanen da ke magana da shi ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Reginald Hudlin ya karɓa a 2005, ya kawo ƙanwar sarki Shuri, ya ɗaura wa T'Challa aure da jarumar Marvel Storm a 2006, ya kuma ƙara jaddada cewa ba wanda ya taɓa cin Wakanda da yaƙi. Ya faranta wa masu karatu baƙaƙe rai, amma sarkinsa ya cika rashin aibi.

Ta-Nehisi Coates, wanda ya fara a 2016 tare da mai zane Brian Stelfreeze, shi ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ya tambaya: ƙasar da ta fi kowace ilimi a duniya, me ya sa har yanzu mutum ɗaya ke mulkinta don kawai ɗan wane ne? A labarinsa biyu daga cikin dogaran, Ayo da Aneka, suka yi tawaye saboda ana cin zarafin mata a ƙauyuka fada ba ta ce uffan ba, kuma aka ƙare da alkawarin tsarin mulki da majalisar da jama'a za su zaɓa. A nan ne karatunmu da na baƙar fatar Amurka ya rabu. Wanda aka sayar da kakanninsa, aka shafe masa suna da asali, in ya ga baƙin sarki a kan karaga ana faɗuwa ana gaishe shi, wani rauni ne ke warkewa a ransa, kuma ba ni da bakin yi masa gori. Mu kuwa sarauta ba mafarki ba ce a wurinmu. Mun san daɗinta, mun san hawan salla da algaita, mun kuma san yadda gwamna ya tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a Maris na 2020, wani gwamnan ya mayar da shi a Mayun 2024, gari ya wayi gari da sarki biyu. Mun san ƙarfin Lamiɗon Rey Bouba a kan talakawansa. Muna kuma zaune a ƙasar da mutum ɗaya ke shugabanta tun 6 ga Nuwamban 1982. In aka ce mana maganin Afirka shi ne shugaba nagari mai hikima wanda ba a zaɓa ba a tuɓewa, sai mu ce mun taɓa jin wannan.

Fim ɗin Ryan Coogler ya fito a Fabrairun 2018, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku. Da 'yan shekaru baya ya fito, da babu inda za a nuna shi a Duwala, domin a Janairun 2009 aka rufe sinimar Le Wouri tare da sauran biyun da suka rage a ƙasar, sai a 2017 aka buɗe CanalOlympia a Bessengue. Mafi yawan yaranmu dai a waya suka kalla, daga masu tura fina-finai a katin memori. Harshen Xhosa ya shigo ne ta hannun John Kani, dattijon ɗan wasan Afirka ta Kudu da ya fito a matsayin T'Chaka tun a fim ɗin 2016, Chadwick Boseman, mai fitowa a matsayin T'Challa, ya koya daga gare shi. Muryar Baaba Maal ta Senegal ta ɗauki kiɗan. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su ɓace gaba ɗaya ba, amma dubi inda aka ajiye su: a dajin Sambisa, cikin dare, motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sace, ɗaya daga cikin 'yan bindigar yana rantsuwa da Allah irin rantsuwarmu cewa zai yi harbi. Sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 gaskiya ce, ba Coogler ya ƙirƙiro ta ba. Amma a fim mai tsawon sama da awa biyu da aka yi don ɗaukaka Afirka, Musulmin Afirka, waɗanda sun haura kashi 40 cikin 100 na mutanen nahiyar, wannan ne fitaccen gurbinsu. Daga bakin dogaran sarki a 1998 mun koma bakin masu satar mutane a 2018.

Akwai wani abin da mutumin Duwala zai haɗiya da ƙyar. Everett Ross ya tashi daga jami'in diflomasiyya ya zama ɗan leƙen asirin CIA, kuma shi ne abokin kirki da ke harbo jiragen 'yan tawaye. A nahiyar da CIA ta ƙulla makircin kashe Lumumba kafin a kashe shi a Janairun 1961, a ƙasar da ɗan leƙen asirin Faransa ya sa wa Félix Moumié guba a Janeba a 1960, wannan ba ƙaramin neman alfarma ba ne wurin mai kallo.

Inda fim ɗin ya yi gaskiya tsantsa shi ne gidan tarihin Landan, lokacin da Killmonger ya tambayi ma'aikaciyar yadda kakanninta suka sami kayan da ke cikin gilashi. Wannan tambaya tamu ce. A Disamban 1884 Jamusawa suka kai hari Bonaberi, Max Buchner ya ɗauke tange, sassaƙaƙƙen goshin jirgin ruwan Sarki Lock Priso, yana Munich har yau, kuma Yarima Kum'a Ndumbe na Uku ya shafe shekaru yana neman a dawo da shi. Karagar Mandu Yenu ta Fumban tana Balin tun 1908. Binciken da masana na Jamus da Kamaru suka fitar a 2023 ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus.

Unguwar New Bell kanta amsa ce ga Wakanda. Rudolf Duala Manga Bell ɗan sarki ne da ya yi karatu a Jamus, ya dawo ya hau gadon gidansu, kamar dai T'Challa. Da Jamusawa suka ƙudurta ƙwace filayen bakin kogin Wouri su tura 'yan ƙasa can baya, da tazarar fili tsakaninsu da unguwar Turawa, ya yaƙe su da abin da ya koya a wurinsu: takardun koke zuwa majalisar Jamus, lauyoyi, da tunatar da su yarjejeniyar 1884. Suka rataye shi tare da Ngoso Din ranar 8 ga Agustan 1914. Wurin da aka tanada don korarrun shi ne New Bell, kuma baƙi ne suka cika shi, Bamileke da Basa da Hausawa da sauransu. Daga nan tarzomar Mayun 1955 ta tashi. Wakanda ta tsira ne don ta rufe ƙofa ta ɓuya. Kakanninmu fatake da mahauta da masu goro da suka sauka a nan, buɗaɗɗiyar hanya ce ta rayar da su, kuma a ƙasar da ba ta karɓar baƙo ba za su sami ko wurin shimfiɗa buzu ba.

Ba na cikin masu cewa Marvel ta gyara mana hotonmu. Kamfani ne na Disney, riba yake nema, kuma bayan rasuwar Boseman a Agustan 2020 ya ɗora wa Shuri rigar a fim na 2022 ya ci gaba da kasuwarsa. Wasu 'yan Afirka sun riga sun ɗauki nasu alƙalamin. Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo, ta rubuta wa Marvel labaran T'Challa da na Shuri. Roye Okupe ɗan Legas ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau, da Turanci. A nan gida akwai Zebra Comics da ke sa labaransu a waya, akwai bikin Mboa BD da ake yi tun 2010. A duk wannan motsi Hausa ba ta da wani kaso na a zo a gani, alhali kasuwar na nan: masu fassara fina-finai a Kano, irin su Algaita, sun nuna cewa jama'a za su biya kuɗi don su ji jarumi yana magana da harshensu. Wasu za su kawo batun hukuncin zana mai rai, kuma magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, amma gidan da ake kallon fim ɗin Indiya dare da rana da wuya a ce wannan ne ya hana. Matsalar yaranmu na Duwala ta fi wannan sauƙin ganewa: Faransanci suke karantawa a makarantar boko, Larabci a makarantar allo, Hausa kuwa a baki take da saƙon murya. Littafin zane, mai hoto da yawa da kalmomi kaɗan, shi ne irin karatun Hausar da za su iya fara shiga ba tare da malami ba.

Sadaukin ma ba sai an ƙirƙiro ba. Shekara huɗu kafin Superman ya bayyana a 1938, an buga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Mayaƙi ne na Kwantagora da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya nausa gabas da ɗansa Garba Gagare, ya shiga duniyar aljanu yana ta gwabzawa. Duk abin da mai zane ke so yana ciki: dawakai, sulke, kirari, bindigar Nasara, ƙasashen da ba a taɓa gani ba. Sai dai wanda zai zana shi yau zai ci karo da irin tambayar da Coates ya yi wa Wakanda. Ganɗoki mutumin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901, kuma wanda ya yi suna wajen kai hari ƙauyukan Gwari yana kama bayi. A shafin farko na yaƙi dole mai zanen ya yanke shawarar fuskar wa zai nuna a ƙarƙashin kofaton dokin, yana sane da cewa jikokin waɗancan mutane suna jin Hausa kuma suna da waya a hannu.